Katifar Sirajo a Baranda

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Jiya wani daga cikinku ya hawo rufin nan ya tarar ina ɗinke bakin katifa, ya tsaya hannu a aljihu ya ce, "Baba Yakubu, wannan ai cusa auduga ne a buhu, ko ni zan iya." To bismilla. Ga bakan shiɓa can jingine, ga guduma, ga tulin auduga. Duk wanda ya shiɓe mini shi daga hantsi zuwa azahar bai yi atishawar da za ta kayar masa da hula ba, na bar masa rufin da kayan aikin duka, in koma sayar da shayi.

Ni ba ɗan garin nan ba ne, kun ji a bakina. A Sudan aka haife ni, wajen Gadarif. Kakannina mutanen Haɗeja ne, sun taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Na shigo Alkahira da ƙarfina, na yi dako a kasuwar Ataba har bayana ya ce ya gaji, sannan Allah ya haɗa ni da wani tsohon Bamisire a unguwar Abbasiya, Usta Fatahi, mai sana'ar katifa. Su a nan munajjid suke ce wa mai aikin. Gajeren mutum ne mai faɗa, ba ya yabon kowa. Allah ya jiƙansa, shi ya sa mini abinci a hannu.

Ranar farko na zaci baka zai miƙo mini. Na san bakan shiɓa tun a gida, kakata tana da shi, ɗan ƙarami. Na Misirawa kuwa ya kai tsawon mutum, ana dukan tsirkiyarsa da gudumar katako, tana kaɗawa tana fizgar audugar da ta dunƙule tana watsa ta. Usta bai bari na taɓa shi ba. Ƙyalle ya jiƙa ya matse, ya ɗaura mini a hanci, ya kama kafaɗata ya juya ni na ba iska baya.

Ya ce, "Ya ibni, ɗana, hannu kowa yana da shi. Munajjid da hancinsa yake cin abinci. Ranar da ƙirjinka ya toshe, shi ke nan, ka tashi daga aiki."

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba a karya su. Kayan da aka yi aiki da su ba sa shiga ɗakin kwana. In an tashi, a wanke fuska, a shaƙa ruwan gishiri mai ɗumi a fyace, kamar mai alwala. Ba a share rufi a bushe, sai an yayyafa ruwa. Na daɗe ina shara da zura zare a basilla kafin ya yarda na daki tsirkiya, kuma ranar da na dake ta, gudumar ta dawo ta same ni a haɓa. Usta ya dube ni ya ce, "Tamam. Yanzu kun gaisa."

Katifar farko da na yi ni kaɗai ta wata tsohuwa ce a bayan kasuwar Abbasiya. Na farke ta, na ware audugar da ta mutu, na shiɓe sauran, na ƙara sabuwa, na cusa har na gaji, na kama tsakiya da basilla ɗinki bayan ɗinki. Ta yi kyau a ido. Usta ya zo bai ko kalli tsakiyar ba, ya sa babban yatsa a kusurwa, yatsan ya nutse. Ya ce in farke. Sirrin katifa a kusurwa yake, can ne raggo yake gajiya, can ne kuma take fara mutuwa. Sannan nauyin mai kwanciya yana da magana. Katifar ƙaton mutum daban, ta tsohuwa mai ciwon ƙugu daban. Wa zai gaya muku wannan in kuna tsaye hannu a aljihu?

Da can kasuwarmu a gidan biki take. Misirawa suna ware rana guda don katifun amarya. A shimfiɗa tabarma a titi, a zube auduga fara fat, mata suna guɗa ta taga, mu muna duka, a kawo mana shayi da abinci har mu ƙi. Uwar amarya tana tsaye a kanmu kada mu sace mata ko dunƙule ɗaya. Bayan su sai masu gidajen haya na unguwar Madinat Nasr, waɗanda suke ba ɗalibai shagga, wato sashen bene na haya, da kayanta a ciki. Su ba sa kiran mu sai katifa ta zama faifai.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce 2011, lokacin da gari ya rikice. Aka ɗaga bukukuwa, ɗalibai da yawa suka tattara suka tafi gida, ga dokar hana fita. Usta ya riga ya rasu, ni kaɗai ne a rufin. Ga kuma katifar soso ta cika Ataba, mutum ya saya ya naɗe ya ɗora a kan mikrobas, ƙaramar bas ta haya. Na koma gyaran kujerun gidan gahawa da ɗinkin matashin kai. Na ji tsoro ƙwarai a shekarar nan, ba zan ɓoye muku ba. Amma soso bai san zafin Alkahira ba, kuma bayan mutum ba ya ƙarya. Sannu a hankali suka riƙa dawowa suna sosa ƙeya.

To bari in zo kan abin da ya sa na tara ku, tunda na ga lokacin ya kawo jiki kuma rabinku hanci ya fara ja.

Daga watan Maris zuwa Mayu, abin da Misirawa suke kira rabi'i, garin nan yana da wata ɗabi'a. Sanyi ya tafi, itatuwan bakin titi da ciyayi sun yi fure, suna sakin wani gari mai laushi da ido ba ya gani sosai. A kan wannan kuma iskar hamasin takan taso daga hamada, sama ta yi ja, a kwana biyu ana cin ƙasa, ta kwanta, ta sake tasowa. Wani ba abin da yake ji. Wani kuwa jikinsa ba ya shiri da abin, sai atishawa a jere, hanci yana zuba kamar famfo, ido yana ƙaiƙayi, maƙogwaro yana sosa. Hasasiya suke ce mata. Mutanenmu kuma in sun zo sabo-sabo sai su ce mura ce, sanyi ya kama su.

A rabi'in 2014 wani bawwab, mai gadin bene a Madinat Nasr, ya kira ni ya ce wani ɗalibi Bahaushe irina yana son a gyara masa katifa. Na ɗauki basilla da almakashi na hau mikrobas. Tun daga ƙasa na hangi shaggar, don ita kaɗai ce aka rataya katifa a barandarta, da bargo, da zanin gado, da matashin kai, duk an jera su kamar kayan gwanjo. Ƙarƙashin barandar kuma itatuwa ne a layi, sun yi fure har sun sunkuya.

Wanda ya buɗe mini ƙofa dogon saurayi ne, Sirajo, ɗan Gusau. Sanye yake da rigar sanyi har wuya, a cikin wannan zafin, idanunsa jajur, hankici a hannu. Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta. Ya durƙusa zai gaishe ni, atishawa ta riga gaisuwar fita, ta biyu ta bi ta, ta uku ta bi, har na gaji da cewa yarhamukallahu na nemi wuri na zauna.

Ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Sanyi ne ya shige cikin katifar nan. Ina son a canja audugar."

Na ce, "Malam Sirajo, kana zazzaɓi?"

"A'a."

"Jiki yana ciwo? Majinar ta yi kauri?"

"A'a, ruwa ce tsararo. Sai ido da ke ƙaiƙayi kamar in ciro shi."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon Maris. Bara ma haka ta yi mini, ba ta sake ni ba sai da zafi ya kankama."

Na ce masa murar da ke zuwa da kalanda ba mura ba ce.

A nan ya zauna ya faɗa mini abin da ke damunsa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Karatun tajwidi da ƙira'a yake yi, a kan tallafin karatu. Jarrabawarsu ta baka a wannan lokacin take faɗowa, ɗalibi ya zauna gaban shehi ya karanta. Ku kun fi ni sani, akwai gunna, sautin nan da ke fita ta hanci. Mai toshasshen hanci ba shi da gunna, komai haddarsa. Bara ya shiga da hanci a toshe, ga maganin mura da ya sha da safe ya saukar masa da barci, har ya rasa inda ya tsaya a tsakiyar karatu. Ya faɗi. An ba shi dama ta ƙarshe. In ya sake faɗuwa tallafin ya yanke, sai gida, bayan shekarun da ya ci a nan. Jarrabawar kuma saura 'yan makonni.

Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Ni ba likita ba ne, katifa na iya. Amma abin nan na san fuskarsa. Yalla, tashi, sa takalminka mu tafi."

Na kai shi wajen wata likita a Abbasiya da takan duba ni in ƙirjina ya yi nauyi. Ta haska hancinsa ta ce hasasiyar rabi'i ce. Ta rubuta masa maganin fesawa a hanci na kullum, ta ce ba ya aiki rana ɗaya, sai an jure. Ta ba shi ƙwaya wadda ba ta sa barci, da na ɗigawa a ido. Ta karɓe wani magani na 'yar kwalba da yake ɗigawa a hanci tun watan jiya, ta ce wannan in ya wuce 'yan kwanaki shi da kansa yake ƙara toshe hanci. Ta ce baɗi ya fara magani kafin itatuwa su yi fure, kada ya jira. Sannan ta ce in ya ji numfashi yana yi masa fito ko ƙirji ya ɗaure, ya dawo a ranar. Sauran kuma, in ji ta, aikin gida ne: a rufe taga in iska ta taso, a goge ɗaki da tsumma mai laima, a wanke zanin gado da ruwan zafi, a ajiye turaren wuta, kuma kada a shanya komai a waje.

Ni na yi nawa. Na ɗauko katifar na kawo nan rufin, don ba a farke katifar mai hasasiya a ɗakinsa. Audugar ciki ta girmi Sirajo. Na zubar da ita, na sa sabuwa, na ɗinka mata riga ta yadi mai matsattsiyar saƙa, wadda ake cirewa a wanke. Matashin kai ma haka. Na kai masa, na koya masa shaƙar ruwan gishiri irin ta Usta, da ruwan da aka tafasa ya huce, na ce in ya dawo daga makaranta ya tuɓe kayan waje ya yi wanka kafin ya hau gado.

Bayan kamar mako guda aiki ya bi da ni ta layinsu. Na ɗaga kai, me zan gani? Katifata ce a baranda, sabuwa dal, tana shan furen itatuwa.

Na hau benen ina haki, raina a ɓace. Na ce, "Kai Sirajo, da ni kake wasa ko da likita?"

Ya sunkuyar da kai. Hancin nan ya ɗan fara sauƙi da rana, in ji shi, amma da ya kwanta sai ya dawo sabo. Na ce ai dole, tunda da hannunka kake tara abin ka kwanta a kai. Sai ya ce, "Baba, umarnin Hajiya ne."

Hajiya mahaifiyarsa ce, tana Gusau. Tun bara da ta ji muryarsa a waya ta yanke cewa sanyin ƙasar Larabawa ne ya shige shi. Ta ce kullum ya fitar da shimfiɗarsa ta sha rana, ya turara ɗaki, ya sa rigar sanyi. Ta sa ya yi mata alkawari. Duk safiya in sun gaisa sai ta tambaya, "An shanya?" Shi kuwa yaron kirki ne, ba zai yi mata ƙarya ba, ba zai kuma saɓa mata ba. Ya gwada yi mata bayani, ta ce likitocin can ba su san jikin ɗanta ba.

Fushina ya sauka. A gida ai gaskiyarta ce. Wace uwa ce ba ta shanya shimfiɗar mai mura? Rana magani ce, mu ma haka muka tashi. Kuma ba zan ce wa ɗa ya taka maganar uwarsa ba, ko da jarrabawa goma ce a gabansa. Na ce, "Kira mini ita."

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, na tambayi mutanen Gusau. Ta ji Hausata ta ce, "Malam, kai kuma na ina ne?" Na ce na Haɗeja ne ta hanyar Sudan. Ta yi dariya ta ce hanyar ta yi nisa. Ta gode mini a kan katifa, sannan ta ce, "Don Allah ka riƙa sa ido yana shanyawa, yaran nan sai da tuni."

Na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, tambaya gare ni. Kuna noma gero?"

"Sosai ma."

"In gero ya yi bununi, mutum ya ratsa gona, yaya rigarsa take fitowa?"

"Duk ta yi gari. Ni kaina ba na shiga, atishawa yake sa ni."

"To ranar da ake sussuka ana sheƙa a ƙofar gida, iska tana kaɗowa, kina shanya zanin gadonki a wajen?"

Ta ce, "Haba Malam, wa zai yi haka? Ai ƙaiƙayi ba zai bar mutum ya runtsa ba."

Na ce, "To Hajiya, garin nan wata biyu cur ana sheƙa a cikinsa. Itatuwa ne suke bununi, iska tana rabawa gida-gida. Barandar ɗanki kuma a kan masussukar take."

Sai na ji ta ce, "Innalillahi. Ashe ni nake turbuɗa shi a ƙaiƙayi." Na ce ba laifinta ba ne, wanda bai zo ba ba zai sani ba, kuma ga alama a wajenta ya gaji hancin. Ta ce in miƙa masa wayar. Ina daga gefe ina jin muryarta. Ta ce daga yau in ta ji ya fitar da ko hankici baranda, ba ta yafe ba. Ya rufe taga, ya kashe turare, ya cire rigar sanyin nan, ya bi abin da likita da Baba suka ce. Sirajo yana ta "To Hajiya, in sha Allahu Hajiya." Washegari tambayar safe ta canja, ta koma "An rufe?"

Muka shigo da katifar, na cire rigarta aka wanke da ruwan zafi, aka shanya a falo gaban fanka. Abokan zamansa suka yi ta tsiya wai shagga ta zama gidan wanki. Kwana ya yi ta tafiya, jan idon ya washe, atishawar ta ragu, ya fara barci. Hancin ne dai yake buɗewa yau, gobe ya ɗan rufe. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ranar jarrabawar na tashi na ga sama ta yi ja. Hamasin ce, irin mai ƙarfin nan da ke kaɗa ƙofofi. Na ce shi ke nan, ta zaɓi ranarta. Ba a shiɓa a irin wannan iska, don haka na lulluɓe auduga da leda na danne da duwatsu, na zauna a bakin matakala ina jan carbi. Shayin da na haɗa har ya huce ban sha ba.

Bayan la'asar iskar ta lafa, na buɗe auduga na ɗan fara aiki don in rage tunani. Sai na ji taku a matakala. Sirajo ne, da ƙyallen rufe hanci na kemis, da tabarau, hula ta yi ja da ƙasa. Na daka masa tsawa ya tsaya nan bakin ƙofa, kada ya matso kusa da auduga. Ya tsaya. Na kasa karanta fuskarsa, duk a rufe take.

Na ce, "Yaya?"

Ya ce, "Baba, a haka na tafi. Da na isa na wanke fuska da hanci, na zauna nesa da taga har aka kira ni. Na fara karatu, ina cikin tafiya, na zo wurin da gunna ta yi yawa, sai shehi ya ɗaga hannu ya ce in tsaya."

Na ajiye gudumar.

"Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya sake cewa in maimaita. Na ce, ya Maulana, a ina na yi kuskure? Ya ce, babu kuskure, ya ibni. Tun safe nake jin toshassun hanci, bari in ji wannan sau ɗaya kuma."

Na yi hamdala har sau nawa ban sani ba. Daɗi ya cika ni, na ji idona ya kawo ruwa, kuma ba auduga ba ce. Ya taho da sauri zai kama hannuna, na ɗaga sanda na tare shi. Na ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Yanzu sauka daga rufin nan kafin ka ɓata mana hancin, ka je ka kira Hajiya, tun asuba take jira."